Shukar Hajjo a Bakin Kududdufi

A ƙasan layinmu a Gidan Dahala, cikin birnin Sakkwato, akwai wani kududdufi, tsohon ramin da aka haƙi ƙasar gini a cikinsa tun unguwar tana sabuwa. Duk ruwan saman da ya sauka a layukan da ke sama da mu, nan yake gangarowa ta wata babbar lambatu ya zauna. Lokacin da na bar gida zuwa karatu, wurin juji ne mai ruwa: leda, gwangwani, mushen kaji, da baƙin man da kanikawan bakin titi suke zubarwa a lambatu. Mai wucewa sai ya ja gefen riga ya toshe hanci. Da na dawo bayan shekaru, na tarar da balbelu jere a bakin ruwan, da wata tsohuwa tsaye a ciki iya gwiwa tana zagin akuya.

Sunanta Hajjo. Ba 'yar birni ba ce. A wani ƙauyen fadama na ƙasar Wamakko aka haife ta, can ta tashi tana dashen shinkafa, can ta yi aure ta haihu. Shekarar babbar ambaliya ruwa ya shiga garinsu ya narkar da ɗakinta tana kallo daga kan tudu. Sun sake gini, amma mijinta bai daɗe ba bayan haka. Sai babban ɗanta Aminullahi, wanda yake tuƙa tifa, ya ɗauko ta ya kawo ta birni. Gidansa shi ne na ƙarshe a layin, shi ne kuma mafi gangare, katangarsa ta baya tana kallon kududdufin. Da yake ɗan fari ne, ba ta faɗar sunansa. Direba take ce masa, ko a gabansa ko a bayansa.

Ya ba ta ɗaki mai fanka, ya ce ta huta. Ta huta damina ɗaya, ta ce hannuwanta sun fara kumbura don zama. A wannan daminar ba abin da ta yi sai kallon ruwa. Ta ga inda yake shigowa, ta ga inda yake tsayawa, ta kuma lura cewa duk sanda ramin ya cika, ruwan rijiyar gidansu yakan ɗauki wari.

A ƙarshen wannan damina aka ji labarin cewa Alhaji Tambari, mai sayar da kayan gini, ya sayi kududdufin daga hannun magadan waɗanda suka haƙa shi. Zai cike shi da ƙasa da ɓaraguzan gini ya jera shaguna. Na zauna da Alhaji Tambari na ji ta bakinsa, kuma ba maganar banza yake yi ba. Ya ce wurin wari ne, gidan sauro ne, wata rana yaron wani zai faɗa ciki. Mutanen unguwa da yawa sun yi murna. Aminullahi ma ya yi murna, don shi aka ba aikin jidar ƙasar.

Hajjo kaɗai ta ce ba ta yarda ba. An tambaye ta dalili, ta ce, "Ruwan ga sai ya kwana wani wuri. In kunka hana mai nan, ɗakina za shi kwana. Na taɓa ganin haka, ba ni son ƙari."

Ba wanda ya kula. Tsohuwa ce baƙuwa a gidan ɗanta, ba ta da ko taku ɗaya na ƙasa a birnin nan. Aminullahi ya ce mata Alhaji ya yi alkawarin zai sa kwalbati. Ta tambaye shi ina kwalbatin zai kai ruwan, ya ce bai sani ba. Ta ce to ita ta sani.

Aikin cikon bai fara da wuri ba, don Alhaji yana da wani ginin a hannu, har wata daminar ta kawo kai. Da ruwan farko ya sauka, sai aka ga Hajjo a can gefen kududdufin mai nisa da lambatu, inda ruwa ba shi da zurfi, tana watsa wani abu daga bakin zane. Irin shinkafa ne ta sa ƙanenta Audi ya kawo mata daga ƙauye. Mutane suka yi dariya suka wuce. Sai da shinkafar ta kai ƙugu, aka ce tifofi za su fara shigowa, sannan ta yafa mayafi ta tafi ƙofar mai unguwa, ta durƙusa ta ce shukarta tana tsaye.

Wanda bai tashi cikin manoma ba zai ga kamar wannan ba hujja ba ce. Amma a ƙasarmu, ko gonarka ce wani ya shiga ya shuka, ba ka tumɓuke shukar, ba ka kuma binne ta. Za ka iya kai ƙara, za ka iya hana shi baɗi, amma abin da ya riga ya tsiro sai an bar shi ya nuna an girbe. Mai zuba ƙasa a kan abinci yana tsaye, ko bai ji tsoron hukuma ba, zai ji tsoron bakin mutane. Mai unguwarmu ɗan manoma ne, haka Alhaji Tambari. Aka yanke cewa a jira ta girbe, ranar da ta kwashe shukarta a zuba ƙasa. Alhaji ya yi murmushi ya ce wata nawa ne, a bar wa Inna shinkafarta.

Abin da ba su lissafa ba shi ne, Hajjo ba ta da niyyar barin wurin ba shuka ko da yini guda. Kafin ta sa lauje a shinkafa, ta riga ta dasa albasa da dankali a laimar da ruwa ya janye ya bari. Kafin ta haƙe dankalin, ta kafa sandunan rogo a saman gaɓa, ta kewaye da ƙaya saboda awaki. Rogo kuwa yakan shekara a ƙasa. Duk sanda Alhaji ya zo duba ko an gama girbi, sai ya iske wani abu kore yana kallonsa.

An ce wata rana ya tsaya a bakin gaɓa ya ce, "Inna, yaushe za ki gama?"

Ta ce, "Alhaji, ni ma tambayar da nika yi ke nan. Ƙasar ga ba ta gajiya."

Da farko shukar garkuwa ce kawai. Daga baya ne ta koma gyaran ruwa, kuma dole ce ta sa. Duk abin da ta dasa kusa da bakin lambatu ƙonewa yake yi, saboda baƙin mai da ruwan wanki. Sai ta tuna da jema, ciyawar nan mai tsayi da ake yin iyakar gona da ita a fadama, wadda mata suke saƙa faifai da ita. Saiwarta tana nutsawa ƙasa fiye da tsayin mutum, kuma ba ta jin tsoron ƙazamin ruwa. Audi ya riƙa kawo mata gindinta a buhu a bayan babur. Ta riƙa tsaga su tana dasawa layi-layi a gicciye, daidai inda ruwa yake shigowa, ta yadda sai ya ratsa layi bayan layi kafin ya kai tsakiyar rami.

A nan Barnabas ya shigo labarin. Tsohon birkila ne, mutumin duwatsun Filato, ya zo Sakkwato yana saurayi ya tsufa a nan. Gidansa yana ɗaya ɓangaren kududdufin. Lambatun da ke kawo ruwan ma, shi yana cikin waɗanda suka zuba mata siminti. Ya daɗe yana kallon Hajjo daga kan bencinsa, har ranar da ya ga ruwan sama ɗaya ya binne mata sabon dashe da yashi da leda. Ya taso da sandarsa ya ce mata aikin banza take yi. Ta ce in yana da wanda ya fi shi ya kawo, in ba shi da shi ya koma bencinsa.

Washegari ya dawo da baro. Ya haƙa ɗan rami a gaban jemar, ya jera duwatsu a bakinsa ba siminti, irin jerin da mutanensu suke yi a gonakin kan dutse don kada ruwa ya kwashe ƙasa. Ruwa in ya zo da ƙarfi sai ya faɗa ramin ya rage gudu, yashi ya kwanta, leda ta maƙale a duwatsu, sauran ya tsiyaya ta tsakanin jema. Bayan kowane ruwan sama su biyun sukan kwashe abin da ya taru da manjagara. Ba su taɓa yin aikin nan ba tare da gardama ba. Ita ta ce ya ƙare ƙuruciyarsa yana koya wa ruwa gudu, yanzu da tsufa ya zo yana roƙonsa ya zauna. Shi ya ce da ba don shi ba, da yanzu buhunan leda take girbewa. Baban Ruth take ce masa, da sunan 'yarsa. Shi kuwa Sarkin Noma yake ce mata, in ya so ya tsokane ta.

Ba kullum take yin daidai ba. Wata shekara ta jefa kainuwa a ruwan, don ta san tana shan datti. Kafin a ankara kainuwar ta rufe kududdufin ruf, sauro ya samu mafaka a ƙarƙashinta, unguwa ta kasa barci. Mata suka zo har gida suka yi mata tas. Ba ta ba kowa haƙuri ba. Ta shiga ruwa ta kwashe kainuwar da hannunta ta tara a gaɓa ta bushe, sannan ta sa Audi ya kawo 'ya'yan karfasa a jarka aka zuba, su cinye tsutsar sauro. Bayan kifi sai ga zalɓe. Bayan zalɓe sai kirinjijiya, agwagin dajin nan waɗanda ban taɓa ganinsu a cikin gari ba. Bado ya fito da kansa, ba wanda ya kawo shi.

A ƙasar da na yi karatu na ga irin wannan. Can injiniyoyi ne suke zana tafkin tara ruwan sama, su ware masa wurin kwantar da yashi, su dasa ciyayin tace ruwa, su sa benci da allo mai hoton tsuntsaye. Na gaya wa Hajjo haka, ina zaton za ta ji daɗi. Ta saurara har na gama, sannan ta kira ni da sunan mahaifiyata kamar yadda ta saba, ta ce, "Ɗan Zainaba, can ɗin akwai awaki?" Na ce ban gani ba. Ta ce to ba su san aiki ba tukuna.

Ba zan ce ruwan ya zama na sha ba. Ita ma ba ta ce ba. Tana korar yara daga cikinsa, kuma abin da ya fito kusa da lambatu ba ta kai shi tukunya. Abin da na gani da idona shi ne, a bakin shiga ruwan baƙi ne mai naso, a can ƙarshe kuwa in ta tsaya a ciki ana ganin yatsun ƙafarta. Matan layinmu kuma sun ce warin rijiya ya ragu.

Bazarar da ta wuce aka kusa rasa wurin. Al'adar unguwarmu ce, gab da damina a yi gayyar share lambatu, a tara shara a cinna mata wuta. A idon mutumin birni, busasshiyar ciyawa shara ce, kuma gidan maciji. A lokacin ruwan kududdufin ya janye ya bar ɗan kwatami a tsakiya, jema ta bushe ta yi fari. Wutar da aka kunna a bakin lambatu ta kama ta, ta bi shingen ƙaya, ta lashe rogon. Wasu sun ce da gangan ne. Ban gani ba, don haka ba zan faɗa ba. Abin da wuta ta rage, awaki suka ƙarasa kafin la'asar. Da yamma gaɓar duka ta zama baƙa ƙirin.

Alhaji Tambari bai ɓata lokaci ba. Ya je wa mai unguwa ya ce sharaɗi ya cika, babu sauran shuka a tsaye. Mai unguwa yana da tafiya a gabansa, ya ce in ya dawo zai zo ya gani da idonsa, in haka ne a zuba ƙasa a ranar.

Hajjo ba ta yi kuka ba, ba ta kuma nemi wanda ya sa wutar ba. Ta ɗauki tulu ta riƙa ɗebo ruwan kwatamin tana zubawa a kan baƙaƙen kututturan jema, safe da yamma, cikin zafin nan na bazarar Sakkwato da ko kare ba ya fita. Barnabas ya riƙa turo mata jarkoki a baronsa yana mita. Mutane suka ce tsohuwa ta taɓu, tana ban ruwa ga toka. Aminullahi ya same ta a tsakar gida ya roƙe ta ta bari. Ya ce ta yi iya yinta, kowa ya shaida, kuma shi aka ba aikin, ba ya so ya zo da mota ya iske uwarsa a gabanta.

Ta ce, "Direba shi yi aikinai, ni in yi nawa."

Ranar da mai unguwa ya zo da hantsi, tifar ta riga shi isowa. Aminullahi ya juyo da ita da baya har bakin gaɓa, cike da ɓaraguzan bulo, ya bar injin yana aiki. Alhaji Tambari yana tsaye da mutanensa. Barnabas ya jingina da sandarsa. Hajjo tana zaune a ƙasa cikin toka, ta miƙe ƙafafu, ta juya wa motar baya.

Daga sama, inda muke tsaye, ba a ganin komai sai baƙi. Mai unguwa ya ce, "Inna, ina shukar?" Ta ce ranka shi daɗe, sai an sauko. Ya tattare rigarsa ya sauka. Mu ma muka bi shi.

A tsakiyar kowane ƙonannen kututture, ga tsiro kore shar, siriri kamar allura, wani bai fi ɗan yatsa ba. Wuta ta ci saman jema, ba ta kai ga saiwa ba. Duk manomin fadama ya san haka, don su da kansu suke ƙona ta in suna son sabon toho. Waɗanda suka ga toka suka ce an gama, a birni suka tashi.

Alhaji ya leƙo ya ce, "Wagga ai ciyawa ta. Ko bayan gidana akwai ciyawa."

Mai unguwa ya je gaban kututturan. Ya tsuguna ya kwantar da kai, ya bi tsiron da ido daga wannan gefe zuwa wancan, kamar mai duba kunyar gero. Layi ne miƙaƙƙe, tazarar kowane gindi da ɗan'uwansa daidai. Ya matsa ya duba na bayansa, shi ma haka. Ya miƙe yana kakkaɓe gwiwa ya ce ciyawar Allah ba ta fitowa a jere, wannan hannu ne ya dasa ta. Ya tambayi Hajjo me ake yi da ita. Ta ce ya shiga gidansa ya tambayi iyalinsa da me aka saƙa faifan da ake rufe masa tuwo. Wani daga baya ya yi dariya ya haɗiye.

Alhaji ya ce to yaushe ake girbe wannan. Ta ce tana yanka kullum, ba ta taɓa gamawa ba.

Mai unguwa ya ce shi ba zai sake sabon hukunci ba, wanda ya yanke a da yana nan: ranar da ta kwashe shukarta, a zuba ƙasa. Alhaji Tambari ya ce wannan wasa ne da hankalin mutane, kuma akwai kotu a garin nan. Ya juya ya ce wa Aminullahi ya ɗaga bodin motar ya juye, shi zai ɗauki abin da ya biyo baya.

Duk muka kalli motar. Hajjo ce kaɗai ba ta waiwaya ba. Aminullahi ya leƙo ta taga, ya dubi layukan tsiron, ya dubi bayan uwarsa. Ya ce, ba da ƙarfi ba, "Alhaji, ubana manomi na. Ba ni zuba ƙasa bisa shuka." Ya sa giya ya ja motar gaba, ya fita layin da kayanta yadda ya shigo.

Alhaji ya karɓe aikin daga hannunsa, har da sauran jidar da yake ba shi. Aminullahi ya yi kwanaki ba ya zama hira da uwarsa, gaisuwa kawai. Ita ma ba ta ce masa an gode ba. Na dai ji ta gaya wa Barnabas cewa direba ya iya baya da mota, bai taka mata ko gindi ɗaya ba.

Daminar bana ta zo da ƙarfi. Ruwa ya sauko ta lambatu ya faɗa ramin Barnabas, ya ratsa jemar da yanzu ta fi ƙugu, ya cika kududdufin har ya taɓa gindin rogon da ta sake kafawa. Ya tsaya ɗan nesa da katangar Aminullahi, ya kwana a nan, ya janye.

Maganar ba ta mutu ba. Filin har yau na Alhaji Tambari ne, kuma ana cewa ya nemi lauya. Na tambayi Hajjo me za ta yi in kotu ta ce ba ta san wannan al'ada ba. Tana cikin ruwa a lokacin, tana tsaga gindin jema gida biyu da wuƙa. Ba ta ɗago ba. Ta ce alƙalin ma tuwo yake ci. Ta soka rabi a laka ta danna da diddige, ta auna tazara da tafin ƙafarta, ta soka ɗaya rabin.

Ta ce, "Su zo duk randa sunka ga dama. Shuka za su iskewa."